Hannun da Kawu Ya Ɗaure

Zuwa ga Yaya Tela,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da keken nan naki da bai san hutu ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa da ke min tsiya in na hau bene. Kar ki yi mamakin ganin takarda. Na san wayarki a hannun yara take wuni, maganar kuma ba ta yara ba ce. Mai kai kaya zai ba ki hannu da hannu.

A gida cewa kuke ina yawo da baƙi, to bari yau in faɗa miki aikin. Kamfaninmu yana tara masu son zane daga ƙasashe daban-daban, su zo nan hutu. Kullum da safe malamar zane, wata tsohuwa mai farin kai, za ta ja su zuwa bakin gada ko tashar kwalekwale ko wani lungu, ni kuma ina biye da kujeru masu naɗewa da ruwan sha. Su zauna su yi ta kallon bango suna zanawa. Da yamma kowa ya shimfiɗa abin da ya yi a ƙasa, a zagaya ana dubawa, hannu a baya. Ni baje koli nake kiran abin, don da shi ya yi kama, sai dai ba a ciniki.

Wannan karon aka ce akwai wani dattijo da ba ya jin yaren kowa sai namu, in yi masa tafinta. Na je masauki ɗaukarsa. Yaya, ki zauna in a tsaye kike. Kawunki ne, Mai Ƙarfe, ƙanin mamarki. Mutumin da na ji labarin ya fasa allon shagon maƙwabcinsa don an zana kan rago a jiki. Ga shi da malafa, da jaka a wuya, yana tambayar ina kujerarsa.

Bai gane ni ba. Rabonsa da ni tun ina tallan maɓalli da majina a hanci, zumuncin kuma kin san mai nisa ne, kakarki da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya. Ni ma ban nuna ba. Kasuwa ta koya min in ga kaya in yi kamar ban gani ba. "Baba" nake ce masa, shi kuma "ke tafinta".

Abin bai tsaya nan ba. Hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji har wuyan hannu, wai ƙarfe ya danne shi, don haka ba zai yi zane ba, kallo zai yi. Amma ranar farko da aka baje koli, ya buɗe jaka ya fito da zane-zane ya ce nasa ne. Wata mata da ke cika mana kunne da surutu ta durƙusa har ƙasa. Akwai na wata tela a bakin keke, allura a baki, ta ɗaga gira ɗaya irin na mai jin ƙaryar mai kawo ɗinki. Yaya, ke ce. Har tabon goshinki.

Wani mai gidan nuna zane ya biyo ta wurin, ya taya, ya ce zai rataye su a bangonsa. Kawu bai ce masa a'a ba.

Ashe shekarun nan duk da gwani kuke zaune, yana muku wa'azi a kan fensir? Ki rubuto min, kaina ya ɗaure.

Ƙanwarki,
Mai Kujeru

*

Zuwa ga Mai Kujeru,

Na samu takardarki, mun gode Allah da jin kina lafiya. Ki riƙa shafa man zafi a gwiwar. Mu ma lafiya, sai dai tun da na karanta ta ban ƙara ɗinka layi madaidaici ba, na farke wuyan riga ɗaya ya fi a ƙirga.

Kawu ce mana ya yi asibiti za shi a duba masa baya. Har addu'a muka taru muka yi masa. Kuma lafiyar hannunsa lau ya bar gida, da shi ya nuna ni yana faɗa a kan na bar ƙyalle a ƙofar shagonsa.

Wane gwani? Mutumin da ko da'ira zai yi sai ya kifa murfin kwano. Zanen nan na Auta ne, ƙaramar 'yarsa. A shagona ta yi shi, ta zauna ta hannun damana, gwiwar hannunta tana ta zungurina har na ce ta matsa. A nan take ɓuya ta yi zanenta, don a gidansu ba hali. Kwanakin baya wata makarantar koyon zane ta ga aikinta ta ba ta gurbi, sai dai sun ce dole uba ya kai ta da kansa kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba su ba wani. Ranar da ta gaya masa, ya shiga ɗakinta ya kwashe duk takardun, ya ce ya ƙone su a bayan shago, ya ce 'yarsa ba za ta ƙare rayuwarta tana ɓata takarda ba. Yarinyar nan ta je ta tona tokar da hannunta. Ni na wanke mata hannun.

Yanzu kuma kin ce suna cikin jakarsa, yana baje su a titin mutane da sunansa, har ya sayar wa wani. Wannan layin na karanta shi na sake karantawa ko idona ne. A ce uba ya hana 'yarsa, ya kuma ci da guminta?

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Auta har yanzu tana sa rai zai dawo da sanyin zuciya, kullum sai ta leƙo ta tambaye ni ko an ji daga asibiti. Ki gaya min abin da zan yi, kuma ki yi sauri. Cikina ba ya riƙe magana, kin san ni.

Yayarki,
Tela

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Ina gaida ke da mutanen gida. Gwiwa da sauƙi. Takardarki ta same ni a bakin tashar kwalekwale, na karanta na zauna a kujerar wani baƙo ban sani ba, sai da ya yi gyaran murya.

Da farko dai, wa ya ce miki ya sayar? Cewa na yi an taya bai ce a'a ba. Kin manta ɗan kasuwa ne? Shirun ɗan kasuwa ba sallamawa ba ce, so yake ya ji iyakar bakin mai saye. Mutumin ya dawo ya ƙara, ya sake dawowa ya ƙara, Kawu yana gyaɗa kai kamar mai auna rodi. Da ya ji an kai ƙarshe ya ce min, "Ke tafinta, ce masa ba na sayarwa ba ne." Ya mayar jaka ya zuge. Da jakar yake shiga har banɗaki.

Don haka ki kulle bakinki da sakata. Kar Auta ta ji komai sai na gane inda tsohon nan ya dosa, don ban yarda yabo ya zo nema ba. In ana yabon zanen fuskarsa ba ta motsi. Amma in malama ta fara faɗin aibu sai ya matso, ya ce in fassara masa kalma-kalma kar in rage. Ta ce mai zanen nan tsoron ƙafa yake, kullum sai ya ɓoye ƙafafun mutane a bayan teburi ko buhu. Kawu ya ce, "Ana gyara wannan?" Ta ce shi ne amfanin makaranta.

Sauran lokaci bin mutane yake yana leƙa musu takarda. Jiya ya tsaya a kan wani tsoho da ya wuni a rana kan taga ɗaya, yana gogewa yana sakewa. Ya ce da ni, "Wannan ko mai walda ba ya shan wahalar nan." Na ce, "Baba, kai da ka iya ai ka fi ni sani." Ya harare ni.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Mutanen nan sun sa wa hannunsa na hagu ido. Malama ta zo ta cusa masa fensir a hagun, tana murmushi, ta ce ya taɓa mana ko layi ɗaya. Ya ce min, "Ce mata ni ba yaro ba ne da zan yi wasa da hagu." Da na fassara, suka kalli juna. Tun daga nan suke ba shi kujerar inuwa, suna masa magana a hankali kamar mara lafiya.

Ki yi haƙuri, ki jira ni.

Ƙanwarki,
Mai Kujeru

*

Mai Kujeru,

Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Kullum sai na aika a duba wajen mai kai kaya, a ce ba komai. Mu dai muna nan da rai, ba zan ce lafiya ba.

Na yi iyakar ƙoƙarina. Innar Auta ta shigo shago tana kuka, wai ta yi mafarkin an yanke wa Kawu ƙafa a asibiti, za ta sayar da awarwaronta ta bi shi. Ya zan yi? Na ce ta kwantar da hankalinta, ƙafarsa ƙalau, yana bakin gada da malafa. Daga nan magana ta ja magana, na ɗauko takardarki na karanta mata. Ban san Auta tana bayan labulen gwaji tana cire min zare ba.

Da ma kuka ta yi da na ji daɗi. Fitowa ta yi ta ce, "Yaya, maimaita wajen da aka ce ya sayar." Na maimaita. Ta ce, "Har da naki?" Na ce da alama. Ta ce to. Ta ɗauko gwangwanin fensiranta da take ɓoyewa a ƙarƙashin kekena, ta fita ta rarraba wa 'yan makarantar da ke wucewa. Ko guntu ba ta bari ba.

Yanzu tana shagon ubanta daga safe har yamma tana auna ƙusa a sikeli. Ba ta gaisawa da kowa fiye da kalma biyu. Na ce mata wata bai ƙare ba, gurbin yana nan. Ta ce, "A ba wani. Da ya ƙone su na ce bai san darajarsu ba ne, wata rana zai sani. Ashe ya sani."

Innarta ta kwanta, ni kuma ɗinkina ya ƙi miƙewa. Ke kika jawo da takardarki, ni na ƙarasa da bakina. In kina da dabara irin taku ta kasuwa, yanzu ne lokacinta.

Tela

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Gaisuwa a gurguje, lafiyata lau. Takardata da taki sun yi saɓani a hanya. Mai kai kaya ya ce tawa ta maƙale cikin wani kwali da aka riƙe a bincike, ƙila ta iso tare da wannan. Ki fara karanta waccan, ki ga inda na ce BAI SAYAR BA, sannan ki ciji yatsa. Faɗan da zan miki na ajiye sai mun haɗu.

Taki ta zo ranar baje koli na ƙarshe. Ƙa'idar ranar ita ce kowa sai ya sa abin da ya yi a nan, ba wanda ya zo da shi ba. Na ce yau tsohon nan zai ce ciwon ciki. Sai na ga ya zauna a gaban wata ƙofar ƙarfe, ya warware bandejin nan a gaban kowa. Hannu sumul, har ya yi fari don rashin rana. Ya zana ƙofar yadda yake zana wa mai walda, da tsawo da faɗi a rubuce a gefe. Yaya, ƙofar kamar mota ta bi ta kanta. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya jera na Auta a kusa, ya cire malafa.

Ya ce, "Ke tafinta, gaya musu wannan ne nawa. Waɗannan na 'yata ne. In na nuna a gida, wani zai yaba don kunyata, wani zai kushe don ya san ra'ayina. Makaranta kuma ɗalibai take nema, kowa gwani ne a wajenta. In na ce muku na yarinya ne za ku tausasa baki. Shi ya sa na kawo kayan inda ba a san ni ba, na ce nawa ne, in ji gaskiyarsu. Na ji. A yafe min ƙaryar."

Na fassara ina jiran wuri ya hargitse. Ba wanda ya ko ɗaga gira. Malama ta ce, "Ai mun sani tuntuni."

Ta durƙusa ta nuna masa layukan da ake jerawa a yi inuwa. Ta ce na mai dama yawanci ta gefe ɗaya suke kwantawa, waɗannan kuwa ta ɗaya gefen suka kwanta, duka. Ta nuna inda gefen hannu ya shafi fensir ya bar dusu-dusu. Ta ce, "Wanda ya yi wannan bahago ne. Kai kuma dama ka ɗaure. Da farko mun zaci kunya kake ji, shi ya sa na ba ka fensir a hagu."

Kawu ya yi dariya, ta farko da na gani a bakinsa. Ya ce, "Ce mata nan kam ta yi kuskure. 'Yata da dama take ci, da dama take rubutu. Tana ƙarama ta so ta fara hagun nan, ni na gyara ta da kaina."

Malama ta ce, "Zane fa, da wane hannu take yi?"

Na juya masa tambayar da yarenmu. Ya kalli takardun, ya kalli hannunsa. Mutumin da yake gane nauyin rodi da ido, Yaya, ya tsaya a tsakiyar titi bai san wannan ba. Bai taɓa tsayawa ya ga tana yi ba, ko sau ɗaya. Mutane suka fara tattara kayansu a hankali, kowa yana kallon wani wuri.

A hanyar masauki ina ɗauke da kujeru na ce, "Kawu." Ya tsaya cak. Na gaya masa ko ni jikar wace ce. Ya ce, "Mai tallan maɓalli? Tun yaushe kika gane ni?" Na ce tun malafa. Ya ce, "Munafuka." Na ce, "Na gode, Kawu, a gida na koya." Sannan na karanta masa takardarki, ban rage ko kalma ba, tunda haka yake so. Da na zo wajen "ashe ya sani" ya karɓi kujera ɗaya a hannuna ya buɗe ya zauna a gefen hanya.

Ya ce, "Wata ya ƙare?" Na ce da saura kaɗan. Ya ce in nemo masa jirgin da ya fi kusa.

Yana tafe. Ban san me zai ce mata ba, shi ma ban ga alamar ya sani ba. Ki nuna mata layin da na rubuta da manyan baƙaƙe, sauran ki bar masa.

Ƙanwarki,
Mai Kujeru

*

Zuwa ga Mai Kujeru,

Ina gaida ke, ina kuma ba ki haƙuri, na karɓi faɗan tun kafin ki yi. Innar Auta ta tashi, ni ma ɗinkina ya miƙe. Takardunki biyu tare suka iso. Da na zo wajen hagun nan na tuna gwiwar hannun da ke zungurina. Shekara da shekaru ina kallo, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Na kai wa Auta layin. Ta karanta ta ce, "To, bai sayar ba," ta ci gaba da auna ƙusa.

Kawu ko gida bai shiga ba, shago ya sauka da jakarsa. Ni kuma na ga ƙyallena ya faɗa ƙofar shagonsa, dole in je in ɗauka. Auta ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ya baya?" Ya ce, "Baya lafiya." Ya ture sikeli gefe, ya zuge jaka, ya jera zanen a kan teburi ɗaya bayan ɗaya, ko lanƙwasa babu. Ba ta taɓa su ba. Ya ce, "An ce ba ki iya ƙafa ba." Ta ɗago ta kalle shi. Ya ce, "An ce ana gyarawa."

Ya ciro farar takarda da fensir sabo fil ya ajiye a gabanta. Ya jawo buhun ƙusa ya zauna, ya cire takalmi, ya miƙo ƙafarsa mai faso ya ɗora a kan bokiti. Ya ce, "Zana."

Ta daɗe a tsaye. Masu saye biyu suka zo suka tafi ba wanda ya kula su. Can ta miƙa hannu ta ɗauki fensir da dama, yadda ta saba komai a gabansa.

Ya ce, "Ba wannan ba. Ɗaya hannun."

Mai Kujeru, ni dai na manta ƙyallen na dawo shago, don idona ya cika. Da na sake leƙawa kafin la'asar yana nan zaune bai motsa ba, ba takardar yake kallo ba, hannun yake kallo. Washegari ya sa babbar riga ya kai ta makarantar da kansa. Har yanzu ba ta cika yi masa magana ba, kuma ƙafar, in faɗa miki gaskiya, ta fi kama da doyar da aka taka. Ya manna ta a bango saman sikeli.

Ya ce in tambaye ki ko ana samun kujerar nan mai naɗewa a aiko. Biyu yake so.

Yayarki,
Tela